Wuri Biyu Zuwa Kano, Ɗaya Dawowa

Shafi na 23

Masu turo mini saƙo cewa Fa'izu mutumin kirki ne, Mardiya ce mai yawan zargi, na karanta saƙonninku duka. Ni dai ban ce komai ba. Wanda ya shigo yau kuma, ga inda muke: shekarar 1993 ce, a Yelwan Yauri. Fa'izu, mai fataucin bandar kifi, zai yi tafiyar kwana uku zuwa Kano, ya ce zai tafi da 'yarsu Shamsiyya ta ga gidan zu. Matarsa Mardiya ta amsa da baki, amma abin ya ƙi kwanta mata.

*

Shamsiyya na fita makaranta, Mardiya ta ja mayafi. Fa'izu ya riga ya sauka bakin ruwa, don haka ba wanda ya tambaye ta ina za ta.

Tana tafe tana juya abin a ranta. Mutumin da ko Kontagora bai taɓa zuwa da yarinyar nan ba. Mutumin da in ta yi tari sau biyu sai ya hana ta wasan waje. Shi ne zai ɗauke ta wuni guda cikin mota, ba uwa, wai don ta ga giwa da biri. Kuma shekaranjiya ya shigo da sabon akwatin ƙarfe ya ce na kayanta ne. Kayan kwana uku ai ɗankwali ma ya ɗaure su.

A tasha ta iske Ɗangana, direban da fataken kifi ke bi zuwa Kano, ya buɗe gaban Fijo ɗinsa yana zuba ruwa a lagireto.

"Sannu da aiki, Malam Ɗangana."

Ya ɗago, ya goge hannu a jikin wando.

"Innar Shamsiyya? Ke da kanki cikin tasha? Lahiya dai?"

"Lahiya lau. Zancen tahiyar gobe ne. Yarinyar nan mota na sa ta amai, shi ne nic ce in roƙe ka ka aje ta kusa da taga."

"Ai wannan an gama. Maigidanki gaba yak kama, shi da ita. Ba mai matse ta."

"To madalla. Ta ina za ku bi?"

"Kontagora, Tegina, Birnin Gwari, mu ɓulle Funtuwa. In munka tashi da anka sallame asuba, la'asar a Kano za ta iske mu in Allah ya so. Kihin nashi ya riga ya wuce jiya cikin babbar mota, mu jikinmu kawai za mu kai."

Mardiya ta gyaɗa kai kamar abin da ya kawo ta ke nan. Ta yi kamar za ta juya, sai ta tsaya.

"Ran Asabar kai za ka kai su gidan zun?"

"Na yi tayi. Ai na san wurin, kuma ran nan zaune nike ba aiki. Yac ce in bar shi, akwai wadda za ta zo da tasi ta ɗauke su a masauki."

"Wadda?"

"Haka dai yac ce."

"Mace ke nan."

Ɗangana ya sunkuya yana murɗa murfin lagireto, murfin da ya riga ya rufu.

"Wataƙila matar wani abokin cinikinshi ce. Ni ban tambaya ba."

Ta bar wannan. Ta gyara mayafi, ta sassauta murya.

"To ran Lahadi in za ku dawo, don Allah nan gaban dai. Kuma kar a ba ta mai maiƙo a hanya."

Ya daina abin da yake yi. Ya dube ta, ya dubi ƙasa.

"Dawowa ai wuri guda yak kama."

"Ƙaƙa?"

"Guda. Ɗayan na riga na ba Dudu mai atamfa." Ya sosa ƙeya. "Ni na zaci hutu za ta yi can wurin dangi."

"Ba a yi hutu ba. Kuma ba mu da dangi a Kano."

Ɗangana ya koma kan lagiretonsa. Wani ɗan kamasho yana ta kiran Jega, Birnin Kabi, saura mutum biyu. Mardiya ta ji muryar kamar daga ƙetaren ruwa take zuwa.

"Na gode, Malam Ɗangana."

"Innar Shamsiyya, don Allah kar ki ce ni nic ce."

Ba ta waiwayo ba.

*

Da ta isa gida, akwatin yana nan inda ya ajiye shi, bayan ƙofar ɗakinsa, da ƙaramin kwaɗo a jiki. Ba ta nemi makulli ba. Ta ɗauko taɓarya ta buga sau biyu, kwaɗon ya faɗi.

Kayan makaranta. Kayan sallar bara da na bana. Rigar sanyi, alhali ana tsakiyar zafi. Katin rigakafi, wanda ta yi sati tana nema a ɗakinta.

Ta ci gaba da ɗagawa har ƙasa.

Nan ta gan shi. Wani guntun zane baƙi, saƙar hannu, an naɗe 'yar tsakiya ja a cikinsa, irin duwatsun adon da ake ɗaura wa jarirai a hannu. Shekara bakwai yana ƙasan adakarta, ba wanda ya san inda take ɓoye shi sai mutum ɗaya.

A cikin zanen nan aka kawo mata Shamsiyya.

Lokacin ana jihar Sakkwato tukuna. Wani jirgin kasuwa ya kife a tsakiyar tafki, wajen Ngaski, da mutane cike. Fa'izu yana kusa cikin kwalekwale yana sayen kifi wurin masunta. Gawa suka yi ta tsamowa, sai shi ya hango wani daro yana lilo a kan ruwa, da jaririya a ciki tana tsala kuka. Ya kawo ta gida. Mardiya na da shekara tara da aure lokacin, ko ɓatan wata ba ta taɓa yi ba. Aka yi shela, mai gari ya ce su riƙe ta har masu ita su zo. Ba wanda ya zo.

Tana durƙushe da zanen a hannu ta ji sallamarsa.

Ba ta amsa ba.

Fa'izu ya ɗaga labule, yana warin hayaƙin banda. Ya ga kwaɗon a ƙasa, ya ga kayan a warwatse, ya ga abin da ke hannunta. Bai shigo ba, bai fita ba.

"Wa yab buɗe wanga akwati?"

"Ni."

"Da izinin wa?"

"Da izinin wanda yab buɗe adakata."

Ya saki labulen, ya shigo ya tsaya jikin bango.

"Mardiya, ki maida kayan nan. In na dawo mu yi magana."

"In ka dawo. Kai da wa?"

Ya kau da kai gefe.

"Daga tasha nike, Malam. Zuwa wuri biyu, dawowa guda. Ina za ka aje mini ɗiya?"

"Ɗangana bai fahimce ni ba. A cinyata za ta zauna."

"Zuwa tana da wuri, dawowa a cinya? Gidan zu rage girman mutum shikai?"

"Ki rage murya, maƙwabta na ji."

"Ban ɗaga ba tukuna. Wace ce za ta zo da tasi?"

Ya zame a hankali ya zauna bakin gado. Ya cire hula ya ɗora a gwiwa. Ta san wannan zaman. Haka ya zauna ran da ya zo gaya mata rasuwar babanta.

"In aure kaka nema a Kano, ka hwaɗi, ba a kan shi nike ba," ta ce. "Amma mi yah haɗa shi da katin rigakahi? Mi yah haɗa shi da wanga zane?"

"Ba aure ba ne."

"To mi ne?"

"Uwarta na da rai."

Mardiya ta dube shi. Ta dafa ƙasa da hannu ɗaya.

"Uwarta na nan gabanka," ta ce daga baya.

"Wadda tah haihe ta nike nuhi. Sunanta Lidiya. Mutanen kan tudu ne, can bayan Shanga. Mijinta yam mutu cikin ruwan. Ita kuma sai can ƙetare anka tsame ta, tay yi wata biyu a asibiti ba ta san inda take ba."

"Wa yag gaya maka?"

"Ita da bakinta. Abinci take sayarwa kusa da kasuwar kihi a Sabon Gari, mutanenmu wurinta suka ci. Taj ji wani na yi mini ba'a, shina ce mini baban ɗiyar ruwa. Tat tambaya, anka ba ta labari. Da nik koma, tat tare ni."

"Kowa na iya jin labari ya ce shi ne."

"Na yi wannan tunanin. Ban gaya mata komi ba, nic ce ta hwaɗi abin da tas sani." Ya nuna hannun Mardiya da haɓa. "Tac ce daro kore ne, baki a lotse. Tac ce zane baƙi, ita tas saƙa. Tac ce tsakiya ja guda bakwai a hannun hagu. Ita tas sa ta cikin daron da tag ga jirgi na nutsewa, tat tura."

Mardiya ta buɗe zanen. Ba ta buƙatar ƙirgawa. Ta ƙirga su sau ba adadi.

Ta naɗe shi, ta matse a ƙirji.

"Tun yaushe?"

"Wata huɗu."

"Wata huɗu kana cin tuwona, kana kallon idona."

"Na rasa ta inda zan fara."

"Shi ne kaf fara da gidan zu."

"Ita tac ce can. Tac ce wuri ne na mutane, yarinya ba za ta tsorata ba. Ta gan ta tana dariya tukuna, kahin a gaya mata komi."

"Awo. Ka kai ta gaban giwa, tana kallo, ta waiwayo ta ce Baba dubi, ta ga ba ka nan."

Fa'izu ya rufe ido.

"Sati biyu nic ce. In koma in ɗauko ta."

"Da rigar sanyi?"

Ya buɗe ido ya dubi rigar.

Ta tsura masa ido. Shekara goma sha shida tana zaune da mutumin nan. Ba ya tsoron mutane. Ta taɓa ganin ya tsaya gaban masunta goma a kan gaskiyarsa bai ja da baya ba. Kuma Shamsiyya ransa ce. Mace ɗaya mai sayar da abinci ba za ta ce kawo ya ce to ba.

"Akwai saura," ta ce.

"Ba saura."

"Akwai. Mu munka tsinci ɗiya, munka yi shela, mai gari shaida ne. Ba mu yi laihi ba. In uwa ta hito, sai a zauna, a kira manya, a kira ni. Mi yas sa kake abu kamar ɓarawo? Mi taka riƙe da shi a kanka?"

"Mardiya, bar shi nan."

"Ba ni bari."

Ya daɗe yana murza bakin hular. A waje akuya na ta kuka an manta ba a kwance ta ba.

"Kwana tara da kihewar jirgin," ya ce, "wani mutum yaz zo bakin ruwa. Samuel, wan Lidiya. Ƙafa duk ƙura, da ganin shi ya kwana biyu shina yawo. Ya gano ƙanwarshi a asibiti, shina neman jaririyar, ko gawa ce. Anka nuna mishi ni."

Mardiya ta ɗago kai.

"Ba ka taɓa gaya mini wani ya zo ba."

"A'a."

"Mi kac ce mishi?"

"Nic ce na tsamo jariri, gaskiya ne." Muryarsa ta yi ƙasa. "Amma namiji ne. Kuma danginshi sun zo daga Warra sun ɗauke shi."

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un."

"Yay yi mini godiya. Har addu'a yay yi mini irin tasu. Yaj juya yat tahi."

"Don mi, Malam?"

"Don ke."

"Kar ka ɗora mini."

"Ba ɗorawa nike ba. Ran nan da sahe da zan hita na leƙa ɗakinki. Kina kwance, tana bisa ƙirjinki, kina mata waƙa. Shekara tara ban ji kin yi waƙa ba. Innarki ta kawo maganin kawo nono, kina sha kina dariya. Nit tahi bakin ruwa da wannan a idona, sai ga mutum shina tambaya. Bakina yar riga ni. Da yaj juya na so in kira shi. Na bi shi da ido har yas shiga tasha."

Hawaye suka zubo mata, ba ta share ba.

"Shekara bakwai ina gode ma Allah da ya ba ni marainiya. Ina ce ma mutane ba ta da kowa sai mu. Ashe can wata na kwana tana ganin ɗiyarta ƙarƙashin ruwa."

"Na sani."

"Ba ka sani ba. Ni na san abin da hannu wohi yake. Kai kam maida ni ɓarauniya ban sani ba."

Ya sunkuyar da kai.

"Lidiya ta san wannan?"

"Ta sani. Samuel ya gaya mata abin da mai kihin yac ce tun lokacin. Da tag gan ni, shi ne farkon abin da tat tambaya: kai ne kac ce namiji ne?"

"Kac ce mi?"

"Nic ce ni ne. Na zaci za ta tara mini mutane. Ba ta yi ba. Tac ce ba ta son shari'a, ba ta son a ja ɗiyarta gaban alƙali. In kawo ta kawai. Nay yi alkawari watan jiya, ban kai ba. Nas sake yi, ban kai ba. Wanga karon tac ce in Asabar ta wuce, da 'yan sanda za ta zo Yelwa, ita da danginta."

"To ni hwa? A cikin wanga shiri naku, ni ina anka aje ni?"

"Na ce in na dawo..."

"In ka dawo kai kaɗai. Ka shigo da tsarabar Kano, ka ce Mardiya yi haƙuri."

Ta miƙe. Ƙafarta ta yi tsami, ta dafa bango. Ta shiga kwasar kayan tana mayarwa cikin akwati, ba ninki, ba tsari. Ta zo kan rigar sallar bana, wadda ta yi wa ado da hannunta, ta tsaya da ita a hannu.

A ranta wata hanya ta buɗe. Innarta tana Ngaski. Jirgin yamma bai tashi ba tukuna. In ta tari yarinyar a ƙofar makaranta, kafin magariba sun isa, kuma ba wanda zai shiga gidan Inna ya fito da ita. Ta hango hanyar sarai, har inda za su zauna a cikin jirgin.

Sai ta hango daro kore a kan ruwa, da hannun da ya tura shi.

Ta jefa rigar cikin akwati.

"Tashi ka koma tasha."

Ya ɗago.

"Ka ce ma Ɗangana wuri ukku zuwa. In babu, a sauke wani. Ba mai kai mini ɗiya gaban baƙuwa ba ni nan. Kuma ba tasi. Shi zai kai mu gidan zun, ya tsaya a ƙofa ya jira mu."

"Mardiya, in kinka je..."

"Ni zan gaya mata. Ba kai ba, ba Lidiya ba. Ni nis san yadda ake gaya mata abu ba ta firgita ba."

Ya tashi a hankali, ya sa hula. Ya kai bakin ƙofa ya tsaya, bai juyo ba.

"Dawowa hwa? Wuri nawa zan ce?"

Ta buɗe baki.

Hayaniyar 'yan makaranta ta taso daga lungu, an tashi. Ƙofar langa-langa ta yi ƙara, sai ga takun da ta sani ko cikin barci, da jakar littattafai na bugun baya.

"Inna, Inna, mun yi baƙuwa. Gidan Fa'izu mai kihi take tambaya, nic ce ai Babana ne."

Mardiya ta ture shi ta fito tsakar gida, zanen baƙin yana hannunta ba ta ma sani ba.

Shamsiyya ce a tsaye, fuska duk alli, tana riƙe da yatsan wata mata. Doguwa ce siririya, da jar ƙurar hanya har gira, da 'yar jaka a hammata. Ba ta dubi Mardiya ba. Ba ta dubi Fa'izu ba, wanda ya fito ya daskare a bakin ƙofa. Yarinyar kawai take kallo, goshin, hancin, 'yar wushiryar. Irin nata ne sak.

Jakar ta zame ta faɗi. Matar ta durƙusa a kan gwiwa, ta kama fuskar yarinyar da hannu biyu.

"Ladi," ta ce. "Ladi."

Shamsiyya ta ja da baya kaɗan. Ta waiwaya bayanta ko akwai wata, ba kowa. Ta juyo ta dubi Mardiya.

"Inna, wa take kira?"